Wai ganyen mene ne wannan? Furen ya mutu, shi ya ƙi mutuwa

MaiSonFure:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu sanin tsirrai ku taimaka min. An kawo min damin furanni kyauta yau sati biyar kenan, wardi ne da wasu fararen furanni, aka cike tsakaninsu da wani koren ganye. Wardin tun satin farko ya sunkuyar da kai na zubar, amma ganyen nan wlh har yau yana nan shar kamar jiya aka yanko shi, ruwan ma sau biyu kawai na canja. Har na fara zargin ko na roba ne sai da na karya ɗaya na ga ɗanye ne. Kara ne guda miƙaƙƙe babu rassa, tsawonsa ya ɗan fi kamu ɗaya, ganyen kamar na lemo amma ya fi tauri da sheƙi, bakinsa da ɗan tsini amma baya suka, kuma ba shi da ƙamshi ko kaɗan. Abinda ya ɗaure min kai, a tsakiyar kusan kowane ganye akwai wani ɗan ƙulli kamar ƙurji. Cuta ce ko ƙwari? Ina son sanin sunansa, kuma in zai dasu ina so in dasa. Na sa hoto amma bai fito sosai ba, kyamarar tawa sai a hankali.

Zee_Kwalliya:
Wa alaikissalam. Anti inaga ganyen turare ne, shi aka fi sawa a dami yanzu.

ƊanLambu:
Zee ai ta ce ba ƙamshi. Ganyen turare ko a aljihu kika sa shi sai ya tona miki asiri. Kuma wanda masu fure ke amfani da shi launinsa toka-toka ne kamar an barbaɗa masa hoda, ganyen zagayayye kamar kwabo, biyu-biyu suna kallon juna a jikin kara. Nata kore ne shar mai sheƙi. Ba shi ba ne.

Zee_Kwalliya:
Toh na janye, ban karanta har ƙarshe ba 😅

Uwar_Biyu:
Tunda kika ce kamar na lemo, akwai wani da masu sayar da fure ke kira ganyen lemo alhali ko dangin lemo bai haɗa ba. Asalin sunansa salal, a dazukan yammacin Amurka da Kanada ta bakin teku ake yanko shi, masana suna ce masa Gaultheria shallon. Shi ma yana daɗewa a ruwa sosai. Duba ki gani, in karan yana ɗan karkacewa hagu da dama daga ganye zuwa ganye, kuma gefen ganyen akwai ƙananan haƙora kamar zarto in kin shafa da yatsa, to shi ne.

MaiSonFure:
Maman Biyu na shafa yanzu, gefen sumul yake ba haƙora. Karan kuma kore ne tun daga ƙasa har sama, miƙe yake samɓal.

SarkinGardama:
Ku daina wahalar da kanku, ta ɗauki hoto ta sa a Google Lens ko PlantNet, minti ɗaya an gama. Zamani ya wuce na shafa ganye da yatsa.

MaiSonFure:
Malam ai da shi na fara kafin in zo nan. Hoto uku na ɗauka, amsa uku ya bani, ɗaya ma cewa yayi kameliya ce.

Malam_Tsirrai:
Ba laifin manhajar ba ne kaɗai. Galibin hotunan da irin waɗannan manhajoji suka koya da su na shuka ne a inda take tsiro, da furenta da 'ya'yanta. Ke kuma kin ba ta yankakken kara a cikin kwalba, ba fure ba saiwa, ga hasken ɗaki. Koren ganye mai sheƙi mai siffar ƙwai kuwa tsirrai ɗaruruwa ne ke da shi.

Malama ga abinda nake so ki yi min, abu uku. Ki ɗaga ganyen sama ki kalle shi ta hasken taga, jijiyoyinsa sun bazu ne kamar raga ko kuwa duk sun taso daga gindi suna tafiya a jere su haɗu a tsini? Sannan ki duba daidai inda ganyen ya haɗu da kara, ta ƙasansa, ko za ki ga wani ɗan busasshen ɓawo ƙarami kamar fatar da ke ɗayewa a gefen farce. Na uku, ƙurjin nan da kika ce, kar ki kankare shi, ki gaya min a saman ganyen yake ko a ƙasa.

MaiSonFure:
Malam na duba. Jijiyoyin a jere suke, sun ɗan lanƙwasa sun haɗu a tsinin. Ɓawon kuma wlh yana nan, ɗan mitsitsi ruwan ƙasa-ƙasa, ban taɓa lura da shi ba sai yanzu. Ƙurjin yawanci ta ƙasa yake, amma akwai guda biyu da nake ganin kamar ta sama suke.

Malam_Tsirrai:
Madalla. To abinda ke hannunki ruskus ne, Ruscus a rubutun masana. Kuma abin da zai ba ki mamaki, wannan da kike kira ganye ba ganye ba ne, reshe ne da ya baje ya yi faɗi ya ɗauki aikin ganye. Ganyen gaskiya shi ne ɗan busasshen ɓawon nan da kika gani a gindi. A tsarin tsirrai reshe daga hammatar ganye yake fitowa, wato lungun da ke tsakanin ganye da kara, to shi wannan koren abin daga hammatar ɓawon ya fito, shaida ta farko kenan. Shaida ta biyu ƙurjin: wurin fitar fure ne, kuma a kan reshe fure ke fitowa. In kin yi haƙuri kina canja ruwa, wataƙila ki ga ya buɗe, ɗan fure ne da bai kai girman ƙwayar ashana biyu ba, fari-fari mai ratsin kore, tsakiyarsa shuɗi mai duhu kamar ruwan kunkumadi. A gona in ya samu barbara yakan zama jan ɗa guda zagayayye zaune a tsakiyar "ganyen" kamar an manna shi da gam.

Daɗewar da yake yi ma daga nan take, reshe ne mai kauri da fata mai tauri, baya saurin zubar da ruwan jikinsa kamar siririn ganye.

Ƙanwar_Kowa:
Ikon Allah. Ni fa shekara nawa ina ganin abin nan ina ɗauka ƙwai ne ƙwari suka saka, har kankarewa nake da farce kafin in jera 😭

BintuDeco:
Ƙanwata ba ke kaɗai ba ce. Ni nawa ya fi naki muni. Farkon fara sana'ar kwalliyar fure aka kawo min dami goma na wancan ganyen mai kama da gashin tsuntsu, mai tauri, wanda ake shimfiɗawa a bayan dami. Na juya bayansa na ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa a jere reras, na ce shikenan an sayar min da mai cuta, na kwashe rabi na zuba a shara, na kira wanda ya kawo na zazzage masa. Mutumin ya bari na gama sannan yace Hajiya ai irinsa ne, shi wannan tsiron baya fure, da wannan garin yake yaɗuwa. Kunya kamar in nutse. Rumohra adiantiformis sunansa, a Fulorida ta Amurka da Kosta Rika ake nomansa da yawa a ƙarƙashin rumfar inuwa. Tun daga ranar na koyi cewa in ɗigon a jere yake da tsari, gefe da gefe iri ɗaya, to halitta ce. Ƙwari ba kasafai suke bin layi haka ba.

SarkinGardama:
Malam_Tsirrai ban yarda ba. Abu kore ne, faffaɗa ne, yana jikin kara, yana aikin ganye, sai ace min ba ganye ba ne? Wannan ai neman suna ne irin na 'yan boko.

Malam_Tsirrai:
Ranka ya daɗe, to faffaɗan tafin murtsunguwa fa, wanda ake gani ɗaya bisa ɗaya kamar an jera faranti, ganye ne? Kara ne shi ma, a gefensa fure ke fitowa. Ba siffa kaɗai ake dubawa ba, inda abu ya fito da abinda ke fitowa a jikinsa ake dubawa. Akwai ma wani ganyen kwalliyar mai laushi kamar hazo, Asparagus setaceus, daga kudancin Afirka asalinsa, waɗannan siraran zararrukan nasa duk rassa ne, kuma dangi ɗaya suke da ruskus, Asparagaceae.

SarkinGardama:
Na ji, amma in na je saye ganye zan ce a bani.

ƊanLambu:
Hhhh wannan kam ba wanda zai hana ka.

Amma ni tambayata wane ruskus ɗin? Don a kasuwar fure iri biyu ake ji, na Isra'ila da na Italiya, kuma sun bambanta sosai. Na Italiya dogo ne mai rassa, ganyen siriri mai sheƙi, yana lanƙwasa yana zubowa, shi ake ja a kan tebur ko a naɗe a jikin ƙofa. Na Isra'ila kuma kara guda ne a tsaye, ganyen ya fi faɗi. Tunda ta ce ba rassa to na Isra'ila ne.

Dattijo58:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ɗana ƊanLambu ka yi daidai, in ƙara maka: wanda ake kira na Italiya ma yanzu ba a lissafa shi cikin Ruscus. Linnaeus, masanin da ya tsara sunayen tsirrai, a 1753 ya sa shi a cikinsu da sunan Ruscus racemosus, daga baya aka ware masa nasa gidan, Danae racemosa, shi kaɗai ne a gidan. Dalili, shi furensa baya fitowa a tsakiyar faffaɗan reshen, a ƙarshen rassa yake fitowa a ɗan gungu. Saboda haka in kin ga ƙurji a tsakiya kin riga kin fitar da shi daga lissafi. Kuma asalinsa ba Italiya ba ne, wajen Turkiyya da Iran da tsaunukan Kokeshiya ne, nomansa ne ya yi ƙarfi a Liguriya ta Italiya, yankin Sanremo. Haka shi ma na Isra'ilan, Ruscus hypophyllum, asalinsa yammacin Bahar Rum ne, Maroko da Aljeriya da Tunisiya da kudancin Sifen. Sunan kasuwa yana gaya maka inda aka noma ne ko inda aka loda, baya gaya maka asali.

Uwar_Biyu:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Kenan kamar ganyen lemon da na faɗa, suna daban abu daban.

Dattijo58:
Haka ne 'yata. Kaya sukan ratsa hannu da yawa, manomi, babbar kasuwar gwanjon fure irin ta Aalsmeer a Holan, dillali, sannan mai shago, kowa da sunan da ya fi masa sauƙin faɗa.

Abu_Ganye:
Ni ina da ja a kan hypophyllum ɗin. Ma'anar sunan "ƙarƙashin ganye", saboda furen ta ƙasa yake fitowa. Amma ita ta ce akwai guda biyu da ke sama. Akwai ɗan'uwansa Ruscus hypoglossum, shi ma kara guda ne ba rassa, furensa ta sama, kuma a kan furen akwai wani ɗan koren harshe da ya rufe shi, daga nan sunan ya samo asali, "ƙarƙashin harshe". Malama ki duba mana, a kan ƙurjin akwai ɗan ƙaramin ganye kore a tsaye kamar harshe?

MaiSonFure:
Akwai wani abu amma ƙarami ne sosai, siriri, a wasu kore-kore a wasu ya bushe. Ban san ko shi kake nufi ba.

Abu_Ganye:
Toh fa. Na hypoglossum ba a laluben sa, babba ne ana ganinsa daga nesa. Na hypophyllum kuma ɗan ɓawo ne kawai. Naki ya faɗo tsakiya. Akwai haɗin su biyun da ake kira Ruscus × microglossus, mai ƙaramin harshe, kuma ana shuka shi sosai a lambuna. Ba zan rantse ba amma ina karkata can.

Malam_Tsirrai:
Abu kar mu yi nisa da batun sama da ƙasa, don reshen yana murɗewa a gindinsa, abinda kake gani sama wani lokacin ƙasa ne ya juyo. Ga kuma sati biyar a kwalba, harshen ma zai iya yanƙwanewa. Ni dai a Ruscus na tsaya da ƙarfi, a hypophyllum kuma da rabin ƙarfi tunda shi ya fi yawa a kasuwa.

Likitar_Dabbobi:
Ku yi haƙuri in karkatar da zancen kaɗan, tunda ana maganar ganyen da ba a san sunansa ba. Duk damin da ya shigo gida kuma ba ku san abinda ke ciki ba, a ɗaga shi sama inda yara da kyanwa ba za su kai ba. Jajayen 'ya'yan ruskus suna jan hankalin yaro, kuma suna ɓata ciki, amai da gudawa. Ganyen turare yana cutar da kyanwa da kare in sun tauna. Wanda ya fi tsorata ni shi ne furen lili, kyanwa ko garin furen ta lasa a jikinta ko ta sha ruwan kwalbar ƙodarta na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Kuma dan Allah masu cewa a ɗanɗana ganye don a gane shi su bari. A murza a shinshina ya isa, in ya fitar da farin ruwa kamar madara a wanke hannu kar a taɓa ido.

Ƙanwar_Kowa:
Likita na gode, ina da mage biyu kuma wlh ɗayar ba abinda bata ci.

Zee_Kwalliya:
Tunda an zo kan turare bari in fanshe kuskurena na ɗazu 😄 abinda ke ruɗa mutane shi ne ganyen da muke sawa a dami na ƙuruciyar bishiyar ne. In ta girma ganyen yakan canja ya zama dogo siriri, ba ya ma zama biyu-biyu. Shi yasa manoma ke yawan datse ta don ta riƙa fitar da sabon toho mai zagayayyen ganye. Wani sai ya ga babbar bishiyar ya rantse ba ita ba ce.

BintuDeco:
Ga kuma rini. An taɓa bani wani ja wur na ɗauka wani sabon iri ne, na tsoma a ruwa, da safe ruwan ya koma ja har ya ɓata min farin ƙyallen tebur. Ashe turare ne aka shayar da shi gilisarin da kala, irin wannan ba a sa shi a ruwa sam. In ganye yana da laushi kamar fata da ɗan maiƙo a hannu, launinsa kuma iri ɗaya ne har kara, to an taɓa shi, kar ki yi wahalar neman sunansa ta launi.

MaiSonFure:
Na ƙaru sosai wlh. Amma ku dawo kan tambayata ta biyu, zai dasu? Don na ga kamar har yanzu da ransa.

ƊanLambu:
Anti gaskiya kar ki sa rai. Na gwada, wata huɗu yana cikin ruwa, kore shar, ko alamar saiwa babu, na mayar da shi ƙasa da garin sa saiwa, nan ma ya zauna kamar an dasa roba har ya gaji ya yi rawaya. Shi sabon karansa daga wani kwantaccen tushe yake fitowa a ƙarƙashin ƙasa, in ana son yaɗa shi tushen ake tonowa a raba. Karan da aka yanko ba shi da idon da zai ba da sabon tushe. Ko kuma iri, shi kuma irin sai ya kwashe watanni, har shekara, kafin ya tsiro.

SarkinGardama:
Ni na taɓa dasa ganyen dami ya kama.

ƊanLambu:
Wane iri?

SarkinGardama:
Oho, kore ne dai mai ratsin fari, ganyen a tattare a ƙarshen reshe kamar fure.

Uwar_Biyu:
Wannan ai kamar Pittosporum kake faɗa, shi itace ne na sosai mai rassa, yana kamawa daga yanka. Ba ruwansa da ruskus.

Dattijo58:
In kina son na shukawa ki nemi mai tushe a tukunya, yana son inuwa, ƙarƙashin bishiya ma yana rayuwa inda wasu ke ƙi, kuma yana jure ƙishi in ya kafu. Sai dai ki tambaya da kyau kar a haɗa ki da Ruscus aculeatus, shi gajere ne mai rassa, tsinin kowane reshe ƙaya ce mai huda fata. A Ingila tsintsiyar mahauta suke ce masa, don an ce da shi mahauta ke share katakon sara a da.

Abu_Ganye:
Malama in Allah ya sa furen ya buɗe ki ɗora ganyen a kan farar takarda kusa da taga, ki ajiye ashana a gefe don a ga girma, ki ɗauki sama da ƙasa da kuma gindin inda ya murɗe. Ina so in ga harshen nan da idona kafin Malam ya ci ni da yawan kasuwa.

Malam_Tsirrai:
Hhh ina jira. In harshen ya wuce rabin santimita kuma kore ne na ba ka.

MaiSonFure:
In sha Allah gobe da safe zan ari wayar ƙanwata. Amma yanzu da na zazzage kwalbar don in canja ruwa na ga ashe kara ɗaya a ciki daban yake, shi yana da rassa, ganyen ƙanana biyu-biyu, babu ƙurji, da na murza kuma akwai ƙamshi mai daɗi, ta hasken fitila ina ganin ɗige-ɗige kamar an huda da allura.

Zee_Kwalliya:
Turare!

ƊanLambu:
Zee dan Allah 😂 kore ne ko toka-toka Anti? In kore ne mai sheƙi da tsini ni Myrtus communis nake zargi, dangin turaren ne dai, shi yasa ɗigon man yake jikinsa.

MaiSonFure:
Kore ne. Bari in haɗa shi a hoton goben.